Tambayoyi da amsoshi kan auna wutar solar gida ba tare da kashe kuɗi masu yawa ba

Duk wanda ya kafa sola a gidansa, ba a daɗewa zuciya take fara raya masa: anya farantan nan suna ba da wutar da aka ce za su bayar kuwa? Galibi tunanin yakan zo ne da ƙarfe uku na dare, lokacin da inbata ta yi ƙara ta ɗauke, fanka ta tsaya cak. Gari na wayewa sai a shiga neman mai laifi. Wani ya ce batir ne, wani ya ce farantan jabu ne, alhali babu wanda ya auna komai. Waɗannan su ne tambayoyin da aka fi yi mini a kan batun, na tattara su wuri guda.

Fitila tana kamawa, firji yana sanyi. To me zai sa in ɗora wa kaina aikin awo?

Saboda sola ba ta yin hayaniya in za ta lalace. Janareta in ya sami matsala zai yi tari, ya yi hayaƙi, har maƙwabta su sani. Farantin sola kuwa shiru yake yi. Ƙura ta rufe shi, reshen bishiya ya miƙo ya yi masa inuwa, mahaɗar waya ta yi tsatsa, duk ba za ka ji motsinsu ba. Wutar za ta riƙa raguwa kaɗan-kaɗan, batir kuma shi zai riƙa cike giɓin. Batir mai ruwan asid in ya yi makonni ba ya cika, wani abu kamar gishiri yakan daskare a jikin darmar da ke cikinsa, daga nan ƙarfinsa ba ya komawa yadda yake. Farantai suna iya yin shekara 25 suna aiki, amma batir, wanda yake cikin kayan da suka fi cin kuɗi, wata shida na rashin cika ya isa ya kassara shi. Awo dai don batir ake yinsa, kafin komai.

Wat, bolt, amfiya, kWh, duk sun cakuɗe mini. Wanne zan riƙa kallo?

Bolt shi ne matsin wutar, amfiya kuma yawan wutar da ke gudu cikin waya. Ka ninka ɗaya da ɗaya, ka sami wat. Farantin da ke ba da bolt 40 da amfiya 8 yana ba da wat 320 a daidai wannan lokacin. Sai dai wat abin yanzu-yanzu ne, girgije na gittawa ya sauko. Abin da ke gaya maka gaskiyar yini shi ne wutar da aka tara cikin awanni, wadda allon na'ura ke rubutawa Wh ko kWh. Wat 500 na tsawon awa biyu ya ba da Wh 1000, wato kWh 1, abin da ake kira yunit ɗaya a mitar gida. Wannan lambar, kWh na kowace rana, ita za ka riƙe.

Ka yi hattara da Ah, wato amfiya a ninka da awanni, lambar da ake rubutawa a jikin batir. Ita kaɗai ba ta da ma'ana sai an faɗi bolt ɗin da ke tare da ita. Ah 100 a kan bolt 12 ya kama Wh 1200, a kan bolt 48 kuwa Wh 4800. Na sha jin mutum biyu suna gardama kan wane ne solarsa ta fi ƙarfi, ashe ɗaya bolt 12 yake, ɗayan 48.

Ba na son sayen komai tukuna. Akwai abin da zan iya yi?

Akwai, kuma ita ce hanyar da nake fara gaya wa kowa. Kwantirolar caji, wato na'urar da ke tsakanin farantai da batir, ko inbatar da ke manne a bangonka tana da allo, yawancinsu kuma suna ƙirga wutar da ta shigo. Ka danna maɓallin kibiya ka yi ta wucewa har ka ga inda aka rubuta PV, wato wutar farantai, tare da kWh. Wasu na'urorin na yini kawai suke nunawa, dare na yi su share. Wasu jimillar tun ranar da aka kafa su suke tarawa, sai ka cire ta jiya daga ta yau. Ƙananan kwantirola masu araha Ah kawai suke bayarwa, sai ka ninka da bolt ɗin batirinka. Kwantirolar Victron mai Bluetooth tana ajiye tarihin kwana 30 da kanta, ana gani a manhajar VictronConnect ko babu intanet.

Sai ka sami ɗan littafi da biro, ka rataye su a ƙusa kusa da na'urar. Kullum bayan faɗuwar rana ka rubuta abu huɗu a layi ɗaya: kwanan wata, kWh ɗin da aka samu, yadda sama ta wuni, da lokacin da batir ya cika in ka lura. Da asuba, kafin rana ta taɓa farantan, ka ƙara bolt ɗin batir. Duka-duka bai kai minti biyu ba. In rubutu yana ba ka wuya, ɗauki hoton allon da waya, hoton yana ɗauke da kwanan wata da lokaci.

Lambar rana ɗaya ba ta nuna komai. Amma in ka yi mako uku kana rubutawa, ka san halin solarka: abin da take yi a ranar da sama ta yi garau, da abin da take yi a ranar gajimare. Daga nan duk ranar da rana ta ƙwalle amma lambar ta yi kama da ta ranar hadari, ka san akwai magana. Littafin da na fara da shi har yanzu yana nan, bangonsa duk maiƙo, kuma sau biyu shi ya fara nuna mini matsala kafin manhajar waya.

To yaya zan san lambar da nake gani mai kyau ce?

Sai ka san abin da ya kamata wurinka ya bayar. Akwai shafuka na kyauta da ke yin wannan lissafi: Global Solar Atlas na Bankin Duniya, PVGIS na Hukumar Tarayyar Turai, da PVWatts na Amurka. A na farkon, in ka taɓa inda gidanka yake a taswira, za ka ga wata lamba mai suna PVOUT. Ita ce kWh ɗin da kilowat ɗaya na farantai ke bayarwa a wurin, kuma kana iya zaɓar a nuna maka na rana ko na shekara.

A ce kana da faranti huɗu masu wat 400, jimilla kilowat 1.6, shafin kuma ya ce 4.5 a rana. Ninkawa zai ba ka kWh 7.2. Wannan matsakaicin shekara ne, wasu watanni za su haura, wasu su gaza, shi ya sa ya fi kyau ka duba na wata-wata. In abin da kwantirolarka ke nunawa yana yawo kusa da wannan, kwantar da hankalinka. In rabinsa kake gani a ranar da babu ko ɗigon gajimare, kada ka yi saurin yanke hukunci, karanta amsoshi biyu da ke tafe tukuna.

Ka kuma tuna cewa abin da ya shiga batir ba shi ne zai fito ba. Mai ruwan asid yakan cinye kusan kashi 15 zuwa 20 cikin 100 tsakanin shiga da fita, na litiyam ƙasa da haka sosai, inbata ma ta ɗauki nata rabon.

An rubuta wat 400 a bayan farantina, amma ban taɓa ganin 400 ba. An cuce ni ke nan?

Da wuya. Lambar da ke bayan faranti a ɗakin gwaji aka same ta, da haske mai ƙarfin wat 1000 a kan kowace murabba'in mita, jikin farantin kuma yana digiri 25. A saman rufi da tsakar rana, faranti yana iya kaiwa digiri 60 ko 65, kuma duk digiri ɗaya da ya haura 25 yana rage masa tsakanin 0.3 da 0.4 cikin 100 na ƙarfinsa. Ƙarin digiri 40 ke nan ya tafi da kusan kashi 14, mai 400 ya dawo wajen 345. Ka ɗora ƙura, tsawon waya, da ɗan karkacewa daga fuskar rana, sai ka ga 300 zuwa 330 ba abin kunya ba ne. Wannan ne ma dalilin da ya sa a ranar sanyi mai iska, ko bayan ruwan sama ya wanke farantan rana ta fito, kake ganin lambar da ba ka saba gani ba. Faranti haske yake so, zafi cutar da shi yake yi.

Da safe wutar tana hawa lafiya, amma wajen ƙarfe sha ɗaya sai ta faɗi ƙasa warwas, rana kuma tana nan tsaye. Me ya lalace?

Wataƙila babu abin da ya lalace. Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a nan, kuma ni ma na faɗa ramin.

A watan farko da na kafa tawa, na ga haka kwana uku a jere. Na ɗauki bokiti da tsumma na hau rufi na wanke farantan tas, washegari abin bai canza ba. Sai na kira wanda ya haɗa mini, na yi masa magana mai zafi a waya. Ya zo da azahar, bai ko kalli tsani ba. Ya tsaya gaban inbata ya ce, "Yallaɓai, a jona dutsen guga." Aka jona. Ina kallo lambar PV ta tashi daga wat ɗari da 'yan kai ta haura dubu, cikin 'yan daƙiƙu. Ya yi murmushi ya ce, "Randar da ta cika ai ba ta karɓar ruwa." Na ba shi haƙuri da kuɗin mota.

Ga yadda abin yake. A solar da ba ta tura wuta zuwa layin kamfanin lantarki, wuri biyu kawai wutar take zuwa: batir da kayan da ke kunne. Da safe batir yana jin yunwa, kwantirola tana zuba masa duk abin da farantan suka kawo. In ya kai wani bolt da aka saita, sai ta riƙe bolt ɗin a nan, amfiya ta riƙa raguwa. In ya cika, sai ta koma ɗiga masa kaɗan don kada ya sauka. Daga wannan lokacin farantan abin da gida ke sha kawai suke bayarwa, sauran hasken ya tafi a banza. Saboda haka mitarka abin da aka karɓa take ƙirgawa, ba ta san abin da farantan za su iya bayarwa ba.

Wannan yana juya ma'anar littafinka gaba ɗaya. Ranar da kuka yi tafiya gida babu kowa, kWh zai yi ƙasa ƙwarai, kuma lafiya lau. Ranar da ka ga lamba mafi girma, mai yiwuwa batir ne ya kwana a galabaice. Shi ya sa na ce ka riƙa rubuta lokacin da batir ya cika. In yana cika kafin azahar, kana da rarar wuta, sai ka mayar da guga, wanki da tura ruwa sama zuwa tsakar rana. In kana son sanin iyakar ƙarfin farantan, gwajin dutsen guga shi ne hanya: da tsakar rana, sama garau, ka kunna kaya masu nauyi daidai abin da inbatarka za ta ɗauka, ka ga inda lambar za ta tsaya.

In abu ɗaya tak zan saya, me zan saya?

Mitar batir mai shant. Shant wani ɗan guntun ƙarfe ne da aka san iyakar turjiyarsa, ana saka shi a kan wayar batir. Wuta in ta ratsa shi takan bar ɗan bolt ƙanƙani, galibi milibolt 50 ko 75 in ta kai iyakar da aka rubuta masa, mitar kuma da wannan take gane amfiya nawa ke shiga ko fita. Tana tara lissafin daƙiƙa bayan daƙiƙa, ta gaya maka kashi nawa ya rage a batir. Akwai masu tsada irin SmartShunt na Victron, akwai kuma marasa suna masu ɗan allo, waɗanda in an saita su daidai suna aikin da gida ke buƙata.

Me ya sa ba za a dogara da bolt kawai ba? A batirin bolt 12 mai ruwan asid, 12.7 yana nufin cikakke, 12.2 kusan rabi, amma fa sai ya huta na wasu awanni babu caji babu kaya a kansa, abin da ba ya faruwa a gidan da ake zaune. A batirin litiyam irin LiFePO4 abin ya fi muni: daga kusan kashi 30 har zuwa 80, bolt ɗin tsakanin 13.0 da 13.3 yake yawo. Ɗigogin nan masu nuna cikar batir a allon inbata da bolt suke lissafi, don haka kada ka ba su amana sosai.

Wajen ɗaurawa ake yin kuskure. Shant yana zama ne a kan baƙar waya, mai alamar ragi, kuma shi kaɗai ne zai taɓa kan batir. Wayar inbata, ta kwantirola, ta kowane abu, duk a ɗaya gefen shant za su haɗu. Na taɓa yin mako biyu ina mamakin yadda mita ke cewa akwai kashi 60 amma wuta ta ɗauke. Da na durƙusa da tocila, sai ga wata siririyar wayar fitilun waje da aka ɗaure kai tsaye a kan batir, tana shan wuta duk dare ta bayan mita. Bayan ɗaurawa, ka shigar mata da ainihin Ah ɗin batirinka, ka bar shi ya cika maƙil don ta san inda 100 yake. In batir ya daɗe bai cika ba, lissafinta yakan zame a hankali.

Mai batirin litiyam ya fara duba ko BMS ɗinsa, wato na'urar da ke kula da batirin daga ciki, yana da Bluetooth. Irin su JK, JBD da Daly suna da manhajar da ke nuna amfiya, kashi, da bolt ɗin kowane ɗan batir da ke ciki, ba sai ka sayi komai ba. Rauninsu shi ne ba sa ganin 'yar ƙaramar wuta da kyau.

Ina da maltimita, 'yar mitar hannu mai auna bolt da amfiya. Ba ta isa ba?

Ta isa bincike, ba ta isa bibiya ba, don ba ta tara lissafi. Amma akwai gwaji guda da take yi wanda ya fi kuɗinta. Da hantsi, lokacin da batir ke tsakiyar shan caji, auna bolt a inda wayar farantai ta shiga kwantirola, sannan ka auna na batir. In kusan ɗaya suke, kwantirolarka PWM ce, nau'in da ke haɗa farantai da batir kai tsaye, ko da an buga mata MPPT, sunan ɗaya nau'in, da manyan baƙaƙe a kwali. MPPT ta gaskiya takan bar farantan a bolt ɗinsu na sama, ta sauko da shi, amfiyar da ke fita zuwa batir ta fi wadda ta shigo. Bambancin ba ƙarami ba ne. Faranti mai wat 400 yakan yi aiki a wajen bolt 40 da amfiya 10, ko kusa da haka. In aka haɗa shi da batirin bolt 12 ta PWM, amfiya 10 ɗin nan za ta shiga a bolt 14, wat 140 ke nan daga cikin 400.

Amfiya kuwa kada ka auna ta da maltimita. Yawancinsu a amfiya 10 suke tsayawa, manyan farantan yanzu kuma sun wuce haka. Nemi mitar nan mai baki kamar na ƙaguwa, wadda ake maƙala wa waya ba tare da an yanke ta ba, ka tabbatar an rubuta tana auna amfiyar DC, wato irin wutar farantai da batir, don masu araha da yawa ta AC, irin wutar soket, kaɗai suke gani. Waya ɗaya ake kamawa. In ka kama ja da baƙa tare, sifili za ka gani.

Sai gargaɗi. Farantan da aka jera a layi ɗaya bolt ɗinsu taruwa yake yi, a kan inbata babba yana iya kaiwa 300 ko 400. Wutar DC in ta yi tartsatsi ba ta mutuwa da kanta kamar ta AC. Kada ka zare mahaɗar wayar farantai, wadda ake kira MC4, wuta na gudu, kashe bireka tukuna. In tsarinka mai bolt da yawa ne kuma ba sana'arka ba ce, bar wa mai sana'ar.

Ɗan sandan Wi-Fi da ake soka wa inbata fa, ya cancanci kuɗinsa?

In inbatarka tana karɓa, eh, domin shi ke ba ka zanen hawa da saukar wuta na yini guda, abin da littafi ba zai ba ka ba. Growatt suna da ShinePhone, masu Deye da yawa suna amfani da Solarman, sauran kamfanoni ma kowa da tasa manhajar. Abu uku za ka sani. Yawancinsu Wi-Fi mai 2.4 GHz kawai suke kamawa, wannan ne ke hana mutane da yawa haɗawa tun ranar farko. Lambar da kake gani a waya ta kusan minti biyar da suka wuce ce, don haka ba ta dace da gwajin dutsen guga ba. Sannan bayanan a kwamfutocin kamfanin suke zaune, intanet ta yanke ka daina gani, kamfanin ya rufe manhajar tarihinka ya bi ruwa. Lokaci-lokaci ka sauke jimillar wata ka ajiye a wurinka.

Ramin da ke ƙasan wasu kwantirola mai kama da na wayar intanet, irin na Epever, ba na intanet ba ne. RS485 ne, wata hanyar da na'urori ke magana da juna ta waya, kuma akwai wuta a wasu ƙafafunsa. Da wayarsa ta musamman ake amfani.

Ina da ɗan hannu a kayan lantarki. Zan iya haɗa nawa?

Ƙwarai, kuma a nan araha take. Zuciyar aikin ɗan allo ne mai suna ESP32 na kamfanin Espressif, girmansa bai wuce babban yatsa ba sosai, yana da Wi-Fi, abin da yake sha bai kai wat ɗaya ba. A ɓangaren AC ana haɗa shi da PZEM-004T, mai auna bolt 80 zuwa 260 da amfiya har 100 ta zoben da waya ke ratsawa. A ɓangaren DC akwai PZEM-017, mai ɗaukar har bolt 300, yana zuwa da shant nasa, yana magana ta RS485. Manhajar ESPHome ta kyauta ce kuma ta san su duka biyun, 'yan layuka kawai za ka rubuta.

Mutane da yawa suna fara sayen ɗan allon awo INA219 don sun gan shi a darussan koyo. A bolt 26 yake tsayawa, allon da aka saba sayarwa kuma amfiya 3.2 ne iyakarsa, batirin bolt 24 kuwa yana haura 28 in yana caji. INA226 yana kai 36, amma shi ma ba na tsarin bolt 48 ba ne. Zoben auna amfiya na CT irin SCT-013 kuma AC kawai yake ji, kada ka ɓata lokaci kana maƙala shi a wayar farantai.

Lambobin suna iya tafiya manhajar Home Assistant, wadda ta sami shafin lissafin makamashi tun 2021, ko shafin PVOutput, inda za ka kwatanta naka da na wasu. Mai inbata irin Voltronic, Deye ko Growatt yana iya ɗora manhajar Solar Assistant a kan 'yar ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi, sai dai ita ana biyan lasisi. Ka ciyar da na'urar daga batir ta hanyar fis, don ta ci gaba da rubutu ko inbata ta ɗauke. Lokacin da aka fi buƙatar shaidarta ke nan, kuma yankewar wuta farat ɗaya tana lalata katin ajiyar Raspberry Pi. Gaskiya dai, in ba ka jin daɗin irin wannan wasan, daren da za ka ɓata ya fi kuɗin sandan Wi-Fi.

Farantai suna ba da abin da ya kamata, amma batir ba ya kai mu asuba.

To ka juya mitar ta kalli cikin gida. Akwai 'yar mitar soket da ake jonawa tsakanin bango da kaya, tana tara kWh. Ka bar firiza a kanta awa 24 cur, domin tana tashi tana hutawa, lambar da ke jikinta ba za ta gaya maka cinta na yini ba. Gobe ka koma kan firji, jibi talabijin.

Sannan ka kashe komai a gidan da dare, ka bar inbata kaɗai a kunne, ka kalli shant. Manyan inbata suna shan wat 30 zuwa 60, wasu fiye, ba tare da sun kunna ko kwan fitila ba. Wat 50 sau awa 24 ya ba da kWh 1.2, fiye da rabin aikin faranti guda mai wat 400 na yini.

Kwantirola ta ce kaza, shant ya ce kaza, manhaja ta ce wani abu dabam. Wa zan yarda da shi?

Ba wuri ɗaya suke tsaye ba. Kwantirola tana ƙirga abin da ya sauko daga rufi, shant abin da ya shiga batir bayan gida ya ɗebi nasa, mitar AC abin da ya fito bayan inbata ta ci rabonta. Ko a wuri ɗaya ne ma, saɓanin kashi uku zuwa biyar tsakanin mitoci masu araha ba abin ɗaga hankali ba ne. Zaɓi ɗaya ka riƙa kwatanta ta da kanta.

Na sami zanen yini a manhaja. Yaya ake karanta shi?

A ranar da sama ta yi garau kuma akwai mai shan wutar, zanen kamar tudu yake, ya hau a hankali, ya yi ƙololuwa da tsakar rana, ya gangara. In ka ga an gutsure shi a lokaci guda kullum, a ce ƙarfe uku zuwa huɗu, inuwa ce. Fita a daidai wannan lokacin ka ɗaga kai: tankin ruwa, eriya, bangon maƙwabci. Inuwar ba sai ta yi girma ba, domin farantan da ke layi ɗaya wuta guda ke ratsa su, wanda aka rufe yana jan sauran baya. Akwai 'yan diyod uku, ƙananan na'urori masu ba wuta hanya, a bayan yawancin farantai da ke kewaye ɓangaren da ya shiga inuwa, amma sulusin farantin ya tafi ke nan. Kashin tsuntsu a kan gilashi ma yana yin wannan aikin. Inuwar kuma tana tafiya da watanni, wurin da yake fili a Yuni yana iya shiga duhu a Disamba.

Tudun da aka aske kansa ya miƙe sambal a lamba ɗaya yana nufin kwantirola ta kai iyakar amfiyarta. Tudun da ke gajarcewa mako bayan mako ƙura ce, wanke da sassafe kafin gilashi ya yi zafi, ka duba lambar gobe. Wanda ya ragu da rabi dare ɗaya, layi guda na farantai ya fita, nemi fis ko mahaɗar da ta ƙone. Haƙoran zarto a ranar gajimare ba komai ba ne, amma a ranar da babu gajimare suna nuna waya mai lilo, kuma waya mai lilo zafi take yi. Tsufa kuwa ba a ganinsa a zanen yini, kusan rabin kashi ɗaya cikin 100 ne a shekara, sai ka ajiye Maris na bana kusa da Maris na bara.

In zan kira mai gyara, me zan tanadar masa?

Hoton takardar da ke manne a bayan faranti ɗaya, yawan farantan da yadda aka jera su, sunan kwantirola ko inbata da lambarta, girman batir da shekarunsa. Sai hoton shafin littafinka na mako biyun da suka wuce, tare da wani shafi na lokacin da komai ke tafiya daidai. Ka ƙara hoton allon na'urar da tsakar rana kaya masu nauyi suna kunne, inda bolt da amfiyar PV suka fito sosai, da bolt ɗin batir na asubar ranar. Ka tura masa su kafin ya taso, don ya san ko fis zai riƙo ko tsani.